Cire Dashbod a Tsohuwar A-kori-kura

Tambaya: Dashbod ɗin tsohuwar a-kori-kurata ya tsattsage saboda rana. Zan iya canza shi da kaina?

Amsa: Za ka iya, malam, amma ka fara tantance abin da zai ciru, domin a motoci irin Chevrolet C10 na 1967 zuwa 1972 ƙarfen dashbod walda aka yi masa a jikin motar, soson samansa da allon mitoci kaɗai ake kwancewa.

Kafin komai, cire wayar negatif ta batir (mai alamar -), saboda gajeriyar haɗuwar waya da ƙarfe ta isa ta ƙona wayoyin da suka tsufa. Ɗauki hoton bayan mitocin, ka manna wa kowace waya alama, sannan ka zura hannu ka saki igiyar mitar gudu a hankali. Idan abu ya ƙi motsi, kada ka finciko shi. Galibi akwai noti a ɓoye, kuma tsohuwar roba ba ta jure ƙarfi.

Wajen mayarwa, kankare tsatsa inda wayar at (wadda ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota) take zama, domin rashin kamawarta ke sa allurar mai ta yi ƙarya. Gwada fitilu da mitoci kafin ka ɗaure notin ƙarshe.