Idan shan tramol ciwon ƙwaƙwalwa ne, ɗana yana da laifi?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 22 ne, yana kabu-kabu da babur a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekara uku ke nan yana shan tramol. Likita ya ce mana ciwon ƙwaƙwalwa ne. Kawunnansa sun ce a sa masa mari ko a miƙa shi ga jandarma. Idan ciwo ne, ashe ba shi da laifi? Wata uwa daga Garwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Maganar likita gaskiya ce, sai dai tana buƙatar ciko.

Tramol dangin mofin ne, wato maganin zafi mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti. Hanta ke juya shi ya zama sinadari mai kashe zafi, yana kuma ƙara sinadaran da ke wartsakar da jiki, shi ya sa 'yan babur da masu noma suke jin ya ɗauke musu gajiya. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, kuma ba a wuce 400 a yini. Ta bakin titi kuwa akwai mai 120, akwai mai 225. Biyu kacal daga mai 225 sun haura iyaka, daga nan ne faɗuwa irin ta farfaɗiya ke zuwa.

A ƙwaƙwalwa abu biyu ne ke faruwa. Sinadarin dofamin, wanda ke koya wa mutum abin da zai nema, yana ɗaura ƙwayar da duk abin da ke kewaye da ita: tashar babur, abokan sha, teburin mai shayi da asuba. Ganinsu kawai ya isa ya ta da ƙishirwar. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuma, mai cewa “dakata”, yana raunana, ga shi dama ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ɗanki kamar mai tuƙa babur ne da birki ya cinye: yana iya tsayawa, amma sai ya fara taka birkin tun daga nesa, kuma a gangara da wuya.

A 1997 Alan Leshner, shugaban cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka a lokacin, ya yaɗa kiran jarabar ƙwaya ciwon ƙwaƙwalwa. Amma tun kafin nan Lee Robins ta bi sawun sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da hiroyin a can, kuma mafi yawansu suka bari da suka koma gida. Ƙwaƙwalwa tana sauyawa, tana kuma warkewa idan wuri da abokai suka sauya. Don haka ban yarda a ce ba shi da alhaki ba. Idan ya buge mutum a hanya yana cikin maye, haƙƙi na kansa. Nauyin da ke wuyansa yau shi ne ya karɓi magani, ya nisanci inda ake sayarwa. Haka kuma kada a riƙa cewa “kansa ya taɓu” a gabansa ko gaban maƙwabta, domin wannan kalma tana hana aure da aiki, tana kuma sa shi kansa ya fid da rai.

Mari da kurkuku ba sa gyara birki. Haɗarinsu ma ya fi haka: bayan makonni ba tare da ƙwaya ba, jiki yana manta sabon da ya yi, sai yaro ya fito ya sha adadin da ya saba, numfashi ya tsaya. Dokar Kamaru ta 7 ga Agusta 1997 ta tanadi hukunci kan miyagun ƙwayoyi. A ganina ƙarfinta ya kamata ya tafi ga masu shigo da kwali-kwali ta kan iyaka, mai sha kuma a tura shi asibiti, kamar yadda Fotugal ta yi tun 2001. A kuma kula kada tsananin ya hana mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata samun maganin zafi.

Ga abin yi. Kada ya daina sha gaba ɗaya a rana guda. Yankewa farat ɗaya na kawo zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci na kusan mako guda, wani har da firgita da gane-gane. Ku je sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin yanki da yardarsa, likita ya tsara ragewa a hankali cikin makonni. Ya faɗi ainihin adadin da yake sha, da ko yana haɗawa da giya ko ƙwayar barci irin diyazefam, don wannan haɗin ne ke kisa. Maganin ya zauna a hannunki, makullin babur a hannun kawunsa har sai likita ya ce ya hau. Idan ya faɗi yana karkarwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki, kuma idan ya wuce minti 5 ko numfashinsa ya yi ƙasa, a garzaya asibiti. In ya koma sha bayan wata biyu, a mayar da shi wurin likitan nan a ranar, kada a jira taron dangi.