Filin Kalmomi: Turjiya Ce, Ba Mutuwa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni bakanike ne a Kaduna, giyar otomatik nake gyarawa. Yarona yana kallon tseren motocin Amurka a waya, ya ce masu tseren kan canja kwambata, wato abin da ke haɗa inji da giya, don su ɗaga "sitol" ɗinta, ya fassara mini kalmar da "gudun mutuwar inji". Aikin na san shi a hannu, amma fassarar ba ta kwanta mini ba. Me Hausa za ta kira shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maigida. Kana da gaskiya. Yaron ya ɗauko ma'anar ne daga mota mai kuloci, inda ɗan koyo zai saki ƙafa da gaggawa, motar ta yi tsalle ta mutu. A otomatik ba injin ne ke tsayawa ba, kuma hana shi mutuwa na cikin ayyukan kwambatar.

Saboda masu karatun da ba su taɓa ganin cikinta ba: a ajiye fanka biyu fuska da fuska, a kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka kwambata take, sai dai man giya ne a maimakon iska. Fankar farko tana manne da inji, ta biyu tana haɗe da giya, a lokacin tashi babu ƙarfen da ya haɗa su. A tsakiya akwai wata ƙarama da ke karkato man da ya dawo ya sake taimaka wa ta farko, kuma ita ce ke ninka ƙarfin murɗawa kusan sau biyu a lokacin tashi. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya yi wa dabarar rajista a 1905 don jiragen ruwa. Kamfanin Buick ya sa ta a motocinsa a 1948.

To, a danne birki, a sa giya, a taka totur har ƙasa. Tayoyi sun ƙi motsi, fanka ta biyu ta kafe, inji yana ruri, allurar juyi tana hawa har ta kai wani wuri ta tsaya cak. Wannan wurin ake nufi da "sitol". A motar gida yawanci yana tsakanin juyi 1,500 zuwa 2,500 a minti.

Kalmar da na zaɓa ita ce turjiya. Duk wanda ya taɓa jan ragon layya daga kara ya san ta: kana jan igiya, shi ya kafa ƙafafu huɗu a ƙasa, wuya a miƙe, ƙarfi na ta aiki amma babu mai gusawa. Na duba "cijewa", sai na ga mun riga mun ba ta aiki, don idan aka ce mota ta cije, matsala ake nufi. "Tsayawa" kuma ba ta ɗauke da gardama. Saboda haka sai mu ce iyakar turjiya, ko ma'aunin turjiyar kwambata.

Kalmar ta ƙara burge ni ta wani gefen. Turjiya ba ta mutum ɗaya ba ce, sai da mai ja. Ragon da ya gagari yaro, ƙato zai ja shi taku uku kafin ya kafe. Haka ma kwambata ba ta da lamba guda da aka haife ta da ita. Wadda ta turje a 2,000 bayan wani inji, in aka ɗaura ta bayan wanda ya ninka shi ƙarfin murɗawa za ta kai wajen 2,800. Nauyin motar da ƙarfin birkinta ma suna sa baki a abin da allura za ta nuna.

Masu tseren Amurka, waɗanda ke yin sukuwar rubu'in mil, wato mita 402 a miƙe, injinansu ba sa nuna ƙarfinsu sai juyi ya yi sama. In kwambata ta riƙe irin wannan inji a 1,800, motar za ta tashi kamar mai magagin barci. Shi ya sa suke sa ƙarama mai faɗin inci 10 ko 8, wadda ke barin inji ya kai 3,500, 5,000 ko fiye kafin ta damƙe, sai motar ta zabura daga inda ƙarfin yake.

Gargaɗi ɗaya, ko da yake ka fi ni sani: duk ƙarfin da bai tafi taya ba zafi yake komawa a cikin mai. Littattafan gyara ba sa yarda gwajin ya wuce daƙiƙa biyar. In man ya yi baƙi yana ƙauri, ruwa ba ya tsami banza.

Tambaya: Malam, wace karin magana ce ta dace da wannan? Ni ina ganin "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne".

Amsa: Ta yi kusa, ɗan'uwa, amma ba ta zauna daram ba. Ragon karin maganar yana matsawa baya ne don ya sami filin gudu kafin karo, ita kuwa motar ko taku ɗaya ba ta yi, a tsaye take tara ƙarfi. Ta fi kama da dokin da mahayi ya ja wa linzami yana kuma zungurarsa da ƙaimi. Wadda ta fi dacewa tana kan mai ɗauko kwambatar tsere ya sa wa motar kai yara makaranta: linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ana faɗin ta idan abu ya girmi wanda aka ba, ba don abin ba shi da kyau ba. Irin wannan mota za ta riƙa ruri a cunkoson Kawo ba tare da tafiyar kirki ba, ta sha fetur, man giyarta kuma ya dahu kafin a isa gida.