Tambaya da Amsa: Me ya sa bijimin Nijar ya yi tsada a Maigatari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata takwas ina turka shanu a Gumel. Nakan sayi bijimai a Maigatari bayan kaka, in sayar gab da Babbar Sallah. Yanzu kuɗin da nake kama uku da shi da ƙyar yake ba ni biyu. Dillalai sun ce sefa, kuɗin Nijar, ce ta jawo. Gaskiya ne, ko ɗora mana suke yi? In na tsallaka Nijar na sayo da kaina, zan samu sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema. Mahaifina dillalin shanu ne, a kara na tashi ina riƙe masa igiya, kuma na san a cikin dillalai akwai masu ɗori. Amma a wannan maganar sun faɗa maka gaskiya.

Ka dubi mutumin da ya koro bijiminsa daga yankin Damagaram zuwa Maigatari ran Alhamis. Naira za ka ba shi, alhali cefanen gidansa da sefa ake yi. Kafin ya sallama maka, ya riga ya lissafa a ransa jaka nawa ta sefa (jaka ɗaya sefa dubu ce) kuɗinka zai zama a hannun mai canji. Ita sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, haka yake tun 1999. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023. Dalar da ake samu wajen naira 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Bijimin bai ƙara ƙiba ba, mai shi ma bai ƙara ko sefa ɗaya a kuɗin ƙasarsa ba, kuɗin aljihunka ne ya rame.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A da, Banijare ba ya damuwa sosai da canji, domin ba da tsabar kuɗi yake komawa ba. Yakan juya nairar nan take ya sayi gero, masara, atamfa, da man fetur mai araha, ya ci wata ribar a gida. Wannan riba ta biyu ita ke sa ya sassauta maka a kan bijimin. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hatsi kuma ya yi tsada a nan, sai wannan ƙofa ta ƙuntata. Fataken da ke da ƙarfi suka fi son kai kaya Kwatano, Lome ko Abijan, inda za a biya su da sefa kai tsaye. Ni a ganina wannan ya fi rufe iyaka yi mana illa.

Rufe iyakar ma ya taɓa mu, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai kuma bayan juyin mulkin Nijar, daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Shanu ba su daina shigowa ba, ta daji suka koma bi, kuɗin masu kora da na hanya ya hau kan mai saye. A watan Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da layya don farashi ya sauka a can.

Wannan ne ya sa ba na ba ka shawarar tsallakawa. Za ka yi asara wajen canji, ka biya takardar likitan dabbobi da kuɗin kwastan, ka biya mai kora ko mota, sannan doka tana iya canzawa shanunka suna can. Mai tirela guda yana iya raba wannan ɗawainiya a kan kawuna da yawa. Mai bijimi uku, ita za ta cinye ribarsa, kuma ina jin ciwon ganin ƙaramin mai jari ya shiga wannan hali.

Abin da zan yi in ni ne kai: in fara tsayawa wajen masu canji da safe in ji nawa jaka take, kafin in shiga kara. In sefa ta hau a makon, in haƙura da Azawak, irin shanun Nijar, in leƙa Wudil ko Dambatta in nemi Bunaji ko Bokolo na gida mai ƙashi, wanda bai yi ƙiba ba tukuna. Ka kuma tuna Sallah tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, don haka ka ƙirgo wata uku zuwa huɗu baya daga ranar Sallah, sannan ka sayi dusa da harawa tun suna araha kafin ka ɗaure ko sa ɗaya.