Kafin Ka Ci Bashi, Ina Kwafi Ɗari Uku Suka Shiga?

Tambaya: Malam, na rubuta ƙagaggen labari na binciken kisan kai, na gina shi a shekarun 1880. Shekara uku na yi ina bincike, ina sayen tsofaffin littattafai, ina tafiye-tafiye. Na buga kwafi 500 da kuɗin da na tara. Yanzu saura 40 a hannuna, amma abin da ya dawo bai kai rabin kuɗin maɗaba'a ba. Wasu suna shagunan littattafai, wasu na ba ƙanin matata ya sayar mini, wasu na raba wa masu sharhi. Ina so in ci bashi in buga 2,000, in biya talla a Facebook, in kuma yi tafiyar bincike saboda littafi na biyu. Mutane na cewa labarin ya dace da fim. Nawa ya kamata in ware wa talla?

Amsa: Malam marubuci, ba zan faɗa maka adadin kuɗin talla ba, domin ba nan ciwon yake ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman lamba ɗaya: kwafi nawa aka saya, aka biya, kuɗin ya shigo hannunka? Babu ita. "Wasu", "wasu", "wasu", da su ka ba ni labarin jarinka gaba ɗaya. Na tabbata idan na tambaye ka ƙarfe nawa aka ga gawa a babi na uku, ko wa ya shiga ɗakin kafin wa, za ka amsa ba tare da ka duba takarda ba. Wannan natsuwar da ka ba labarin, kuɗinka ma yana da haƙƙinta a kanka, kuma ba ka ba shi ba.

Bari mu yi lissafin da ya kamata ka yi tun kafin ka taka ƙofar maɗaba'a. Kiyasi ne, ka gyara shi da ainihin lambobinka. Ka raba farashin da ke bangon littafin gida 100. Mai shago yakan riƙe kusan 40, wani ma fiye. A ƙaramin bugu irin naka, a ce maɗaba'a ta ci 30 a kowane kwafi. To idan shago ya sayar ya miƙo maka 60, sai an sayar da kwafi 250, an kuma biya ka, kafin ka mayar da kuɗin bugu kaɗai. Ba mu taɓo mai tace rubutu ba, ba mu taɓo mai zanen bango ba, balle shekara uku na bincike. In waɗannan duka sun kai kuɗin bugu, kuma ina zargin sun wuce, to ko da ka sayar da 500 ɗin ƙaf, uwar kuɗi kawai za ka gani.

Yanzu ka ce abin da ya dawo bai kai rabin kuɗin maɗaba'a ba. A wannan lissafi, kwafi 125 ke nan ko ƙasa da haka. Kwafi 460 sun bar hannunka. Saura fiye da 300 ba ka san ko an sayar ba, ko suna kwance cikin kwali, ko an cinye kuɗinsu. Littafi ya bar ɗakinka ba yana nufin an saye shi ba, wurin kwana kawai ya sauya. A kan wannan duhun kake so ka ɗora bashin kwafi 2,000.

Na taɓa zama da wata marubuciya da ta shiga irin wannan hali. Ta ga kwalayenta sun ƙare cikin wata huɗu, ta ɗauka kasuwa ta buɗe, ta ranto kuɗi ta ninka bugu. Ana cikin haka shaguna suka fara dawo mata da na farko, wasu bango ya koɗe saboda rana, wasu gefe ya lanƙwashe. Wani mai shago ya ce kwafi goma ya karɓa, ita ta rantse ashirin da biyar ne, kuma babu takardar da za ta raba gardama. Ta yi shekara biyu tana biyan bashin kayan da suka yi kwantai a ƙarƙashin gadonta. Abin da ya fi ba ni takaici, littafin nata mai kyau ne, amma ba ta sake rubuta wani ba.

Batun ƙanin matarka, ban ce ya ci amanarka ba, kuma kai ma kada ka je masa da wannan fuska. Mai yiwuwa shi ma bai rubuta ba, ya ba abokai bashi, ya manta. Laifin naka ne da ka miƙa kaya ba ƙidaya. Ka zauna da shi cikin mutunci, ku ƙirga abin da ya rage, ya biya na wanda ya sayar, a rubuta. Haka za ka bi shagunan ɗaya bayan ɗaya da littafin shige da fice: ranar da ka kai, kwafi nawa, la'adar mai shago, ranar da za a yi lissafi, da sa hannunsa. Wanda ya ƙi sa hannu, ka kwashe kayanka a ranar. Kwafin kyauta ma a rubuta su, da sunan wanda aka ba da abin da ya biyo baya. Mai sharhin da ya karɓi kwafi wata shida bai ce uffan ba, ya fita daga jerin gaba.

Bincike kuwa, a nan masu irin rubutunka suka fi zubar da kuɗi, saboda daɗi gare shi kuma ba ya ƙarewa. Kowace tsohuwar takarda tana nuna maka wata. Amma mai karatu ba ya biyan ka ladan wahala, abin da ya shiga shafi yake saya. A labarin kisa na tarihi, binciken da ya zama dole shi ne sanin abin da mai bin sawun kisa zai iya ganowa a zamaninsa. A shekarun 1880 yana iya gano gubar arsenik a jikin mamaci, domin masanin kimiyya James Marsh ya fito da hanyar gwajinta tun 1836. Ba zai kama mai laifi da zanen yatsa ba, don sai 1892 aka fara yin haka a Ajantina. Rukunin jini ma sai 1901 aka bayyana shi. Irin wannan sani shi ke hana masu karatu kama ka da kuskure, kuma mafi yawansa yana intanet da ɗakunan karatu, har da tsofaffin jaridu da aka ɗauki hotonsu. Kafin ka yi tafiyar da kake shiri, ka rubuta tambayoyin da labarin ba zai tsaya ba sai da amsarsu. In ba su kai biyar ba, ko wasiƙa zuwa ga ma'aikacin ɗakin ajiyar takardu za ta wadatar, ka zauna a gida. Ka kuma yanke wa bincike iyakar kuɗi da iyakar watanni kafin ka fara.

Ina goyon bayan littafi na biyu fiye da talla. Masu son wannan nau'i suna bin jarumi ɗaya daga littafi zuwa littafi. Marubuciyar Birtaniya Ellis Peters ta yi littattafai 20 a kan mai bincike ɗaya daga 1977 zuwa 1994, kuma a irin wannan jeri kowane sabo yana jawo wa na baya ciniki. Tallar da ta fi maka arha ma tana cikin akwatinka: tarkacen binciken da bai shiga labari ba. Ka riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan, ka ga su wa ke tambayar inda za su samu littafin. In za ka gwada tallar kuɗi, ka sa ɗan abin da ba zai dame ka ba na mako biyu, ka ƙirga kwafin da aka saya a dalilinsa. Masu danna "ya burge ni" ba sa cikin ƙidayar.

Maganar fim ka ajiye ta. Wanda ya ce maka ya dace da fim bai sa ko sisi ba, kuma ba a biyan mai bin bashi da yabo.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar rance. Ana buga littafi yanzu sai an yi oda, kwafi ɗaya-ɗaya. Ribar kowane kwafi ta fi ƙanƙanta, amma ba ka tara kwali. Littattafan karantawa a waya kuma, kamfanin Amazon da ke sayar da su ta intanet na biyan marubuci kashi 70 cikin 100 a wani zangon farashi, 35 a wajensa, sai dai kuɗin kan zo kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan ciniki.

Ka ba kanka mako shida ka bi sawun kwafi 460 ɗin nan. Ka sake rubuto mini da lambobi uku: nawa aka biya, nawa suka dawo, nawa suka salwanta. In waɗanda aka biya sun haura 350, za mu yi maganar ƙaramin bugu na biyu, da kuɗin da ka karɓo. In ba su kai ba, kada ka sa hannu a takardar bashin kowa.