Albarkacin Baki, Kurum, da Masu Ƙona Tuta

Tambaya: Malam, wai 'yancin faɗin albarkacin baki da muke ji a labarai kullum, mene ne albarkaci a nan?

Amsa: Daga albarka ne, wato alherin da ka samu ta dalilin wani, ai ka san albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. In ana shawara aka ce wane ya tofa albarkacin bakinsa, ana sa ran zai faɗi abin da za a ƙaru da shi ne. To yanzu kuma sai mutum ya zage wani tas a Facebook, in an yi masa magana ya ce albarkacin bakinsa ya faɗa. Wace albarka ce a cikin ashar? Ka ce ra'ayinka ne mu wuce wurin, amma don Allah a ƙyale kalmar nan ta huta.

Tambaya: Malam, na ji wai a Amurka mutum zai ƙona tutar ƙasar a ƙyale shi, wai magana ya yi. Ta yaya ƙona ƙyalle zai zama magana alhali bai buɗe baki ba?

Amsa: Yo ai Hausa ta riga alƙalan Amurka yanke wannan hukuncin, tunda ta ce kurum ma magana ce. Tsaki fa, akwai kalma a ciki? Harara fa? Ga kuma zunɗe, wanda yaran yanzu suke ta rikita shi da gulma, alhali gulma da harshe ake yi, zunɗe kuwa leɓe ake turowa a nuna mutum ba a ce uffan ba, kuma duk wanda aka yi wa ya waiwayo ya gani ya san an faɗi wani abu a kansa.

Abin da ka ji gaskiya ne. A 1984 wani mai suna Gregory Johnson ya cinna wa tutar Amurka wuta a birnin Dallas lokacin babban taron jam'iyyar Republican, don nuna adawa da gwamnatin shugaba Reagan, jihar Texas ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 2,000, sai a 1989 Kotun Ƙoli ta ce ba a yi daidai ba, alƙalai 5 suka rinjayi 4, dalilinsu kuwa shi ne gwamnati ba ta da ikon hana bayyana ra'ayi don kawai jama'a sun ji haushinsa. Majalisa ta fusata ta yi sabuwar doka ta kare tuta, a 1990 kotun ta soke ta ita ma. Tun ma a 1969 ta ba wasu 'yan makaranta na birnin Des Moines gaskiya, da aka dakatar da su don sun ɗaura baƙin ƙyalle a damtse saboda yaƙin Vietnam.

Amma fa kar ka ɗauka duk abin da mutum ya yi ya ce saƙo ne shi ke nan ya sha. Kotun kan duba ko ya yi nufin isar da saƙo, kuma ko masu kallo za su gane, in ba haka ba ai harara a duhu ke nan. Sannan wanda ya ƙona katinsa na rajistar shiga soja, David O'Brien, a 1968 kotu ta ce hukuncinsa na nan daram, don katin na da aikin da yake yi wa hukuma. A 2003 kuma ta ce jiha na iya hana ƙona gicciye irin na 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar nan ta fararen fata masu ƙin baƙar fata, in an yi shi don a firgita wani. Ni a ganina nan ne suka fi yin hankali, domin wanda aka kunna wa wuta a ƙofar gida cikin dare ba muhawara aka gayyace shi ba. Kuma wannan duk dokar Amurka ce, a Jamus ɗaga tutar 'yan Nazi a bainar jama'a laifi ne da ake ɗaure mutum a kai.

Tambaya: Malam, "baki shi ke yanka wuya" bai ci karo da wannan 'yanci ba?

Amsa: Ya danganta da bakin da ya faɗe shi. In mahaifiyarka ce, nasiha ce. In mai riƙe da wuƙar ne, barazana ce ya sa mata rigar karin magana, kuma masu mulki sun iya wannan.

Tambaya: Mene ne bambancin habaici da zambo?

Amsa: Mai zambo yana siffanta mutum ya muzanta shi kowa ya gane wa ake nufi. Mai habaici ba ya kama suna, jira yake mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as.

Tambaya: Malam, "zaran bunu" ne ko "zarar bunu"?

Amsa: Zarar bunu, ɗiyata. Zara mace ce.