Jijjiga ko girgiza, ƙiyasi ko kintace?

Wani ɗalibin injiniya ya tambaya: wahalar da tauraron ɗan'adam ke sha a cikin roka lokacin harbawa, girgiza ce ko jijjiga? Ko "da muguwar rawa gara ƙin tashi" ta dace da ita? Lissafin ƙarfinta fa, ƙiyasi ne ko kintace?

Jijjiga na zaɓa. Girgiza takan kai abu ɗungurungum ta komo da shi, shi ya sa muke cewa girgiza kai. Karkarwa ta mai rai ce, ko sanyi ko tsoro. Jijjiga kuwa sauri gare ta da naci, ita ke kwance noti, ta tsaga dalmar da aka liƙe waya da ita. Rugugin inji a daƙiƙun farko, da dukan iska sa'ad da roka ke ƙetare saurin sauti, su ke kaɗa murfin rokar, motsin ya bi ƙarfe ya isa ga kayan ciki. Ba ta bin kiɗa ɗaya: motsi daga sau 20 har 2000 a daƙiƙa, duk a cakuɗe. Ni jijjigar barkatai zan kira ta.

Karin maganar ta masu harbawa ce, idan gwaji ya nuna aibi suka ɗage tashi. Tauraron ai ba rawa yake ba, rawa ake yi da shi.

Mai kintace ba ya da ma'auni a hannu. Ƙiyasi, wanda muka aro daga Larabci, auna abu ne da makamancinsa, kuma aikin injiniya ke nan. Ba wanda zai faɗi ƙarfin bugun da zai zo a daƙiƙa kaza, sai dai a duba abin da na'urori suka naɗa a harbe-harben baya. Akwai lissafin da wani masanin injiniya, John Miles, ya fitar a 1954, mai neman abu uku: saurin motsin da kayan ke amsawa a ɗabi'arsa, yawan yadda yake ruɓanya motsin, da ƙarfin jijjigar a daidai wannan saurin. Abin da ya fito akan ninka shi uku, don a rufe bugun da kan zo jefi-jefi. Daga nan a ɗaure kayan kan teburin jijjiga, a kaɗa shi ta fuska uku, minti ɗaya ko biyu kowace fuska. Rubuta "ƙiyasin nauyin jijjigar barkatai". In ka sa kintace, mai karatu zai zaci canke aka yi.