Hujjar halin kwantum a haske mai ɗimbin foton

Malam, ka tambaya ko gwaji ya nuna haske mai ɗimbin foton (ƙwayoyin haske) na riƙe halin kwantum, wato halin da tsohuwar fiziks ba ta iya bayyanawa. Ƙwarai kuwa, dubi matsattsen haske, wato hasken da aka rage hayaniyarsa (rawar da ake gani a awonsa). Ana harba leza mai tsawon zango nanomita 532 cikin wani kiristal na musamman mai suna PPKTP, ya fitar da tagwayen foton masu nanomita 1064. Sai a gauraya hasken da leza mai ƙarfi a madubin da ke raba shi biyu daidai, kowane rabi ya faɗa kan na'urar awo, a debe siginar ɗaya daga ta ɗayar. Idan hayaniyar ta sauka ƙasa da ta fanko (hayaniyar da ke nan ko babu foton ko ɗaya), hujja ta samu. A Hanoba ta Jamus, an rage hayaniyar da desibel 15 (ma'aunin yawan ragin) ƙasa da ta fanko a 2016.

Asarar haske ce babbar matsala. Idan kashi 10 cikin ɗari na hasken ya ɓace, ragin ba ya wuce desibel 10, domin hayaniyar fanko ce ke cike gurbin.